Famfon birkin LX470 ba ya hutawa: tulun matsi zan canza ko kan birkin gaba ɗaya?

Baban Hafsa, Jidda:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin birki. Motata Lexus LX470 ce ƙirar 2003, kuma da ita nake kai iyali Ɗa'ifa ta hanyar Al-Hada, shi ya sa lamarin ya tsaya mini a rai. A 'yan kwanakin nan famfon lantarkin da ke jikin kan birki yana tashi kusan duk lokacin da na taka, alhali a da sai an yi ta takawa kafin a ji motsinsa. Wani lokaci kuma fitilar birki da ta ABS sukan kama tare da wata ƙara mai tsawo a cikin mota, daga baya su mutu. Birkin dai yana kamawa har yanzu. Wani bakanike a sana'iyya, unguwar garejojin gyaran mota, ya ce tulun matsi ne ya gaji, wato akumuleta, wani kuma ya ce babu mafita sai an canza kan birkin dungurungum, wanda kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Shin canza tulun kaɗai zai wadatar, kuma aiki ne da mutum zai iya yi da kansa?

Malam Haruna, Makka:

Wa'alaikumus salam, Baban Hafsa. Kafin komai, don Allah kada ka sake bin gangaren Al-Hada da motar nan sai an gyara ta. Birkin LX470, da na Land Cruiser 100 masu irin wannan kai da aka ƙera daga 1998 zuwa 2007, ba ya samun taimako daga zuƙar iskar inji kamar na yawancin motoci. Famfo ne yake tura man birki cikin tulun, a cikin tulun kuma akwai iskar naitirojin da aka matse tun daga masana'anta, ita ce take riƙe da ƙarfin da kake amfani da shi a duk takawa. Idan shekaru suka ja, iskar takan sulale a hankali, sai tulun ya daina ajiyar kirki, famfo ya koma aiki babu hutu. Abin da ya sa nake tsoratar da kai shi ne, a wannan tsari birkin baya da matsin tulun yake aiki kai tsaye, saboda haka ranar da famfon ya tsaya za ka rasa na baya, na gaba kuma sai ka taka da iyakar ƙarfinka kafin ya saurare ka.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar komai sai agogo. Ka kashe mota, ka taka birki sau 40 ko fiye don matsin tulun ya sauka, sannan ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka lissafa tsawon lokacin da famfon zai yi kafin ya tsaya. Littafin gyaran Toyota ya ba da daƙiƙa 30 zuwa 40. Idan ya tsaya da wuri ƙwarai, ya kuma sake tashi da ka taka sau ɗaya ko biyu, tulun ne. Idan ya zarce haka yana ta nishi, to ko famfon ya raunana, ko iska ta shiga layi, ko mai yana yoyo a cikin kan birkin, kuma sabon tulu ba zai magance ko ɗaya daga cikinsu ba.

Shi canjin ba shi da wuya, amma taka birkin nan sau 40 wajibi ne kafin spana ta taɓa tulun, domin wanda ya kwance shi da matsi a ciki zai iya rasa ido. Ka cire kan batir, ka shimfiɗa tsumma saboda man birki yana cin fenti, ka sa sabon zoben roba da ka shafa wa mai mai tsabta, ka fara ɗaure tulun da hannu don kada zare ya hau karkace. Tsohon kuma kada a huda shi ko a kai shi kusa da wuta.

Alhaji Sani, Madina:

Malam Haruna ya cika bayani, Allah ya saka da alheri. Abin da zan ƙara shi ne maganar tashlihi, wato wurin sayar da sassan tsofaffin motoci, domin na san za a ce maka ka je can ka samo na hannu da araha. Ƙofa ko fitila kam a saya a can, amma tulun da aka ciro daga motar da ta sha zafin ƙasar nan shekara ashirin sa'an naka ne, kuma ido ba ya ganin yawan iskar da ta rage a cikinsa. Ka ɗauki istimara, wato takardar rajistar motar, ka ba masu sayar da kayan asali lambar shasi su fito maka da wanda ya dace.

Sannan ni ban cika yarda a tsaya a kan tulu kaɗai ba. Famfon da ya daɗe yana tashi a kowace takawa gawayinsa, wato burushin da ke cikin injin lantarkinsa, ya riga ya ci, kuma wayoyin da ke shiga injin lantarkin famfon sukan yi tsatsa idan mai ya taɓa zubo musu. Tun da hannu ya riga ya shiga wurin, a duba su.

Malam Haruna, Makka:

Gaskiya ne, Alhaji, kuma zubar man nan yawanci daga cikawa fiye da kima take zuwa. Idan tulun yana cike, man da ke cikin tanki yakan sauka ƙasa da layin sama, sai mai mota ya ɗauka ya ragu ya ƙara, daga baya ya yi ambaliya. Ana auna shi ne bayan an sauke matsin, da DOT 3 kamar yadda aka rubuta a murfin. Wajen fitar da iska ma ƙafafun baya sun sha bamban: makulli a kunne, mutum ɗaya ya danne feda ya riƙe, famfo ne zai turo man. Wannan ɓangaren, Baban Hafsa, na fi so ka bar wa wanda ya saba.

Baban Hafsa, Jidda:

Na gode, Malam, na gode, Alhaji. Na yi gwajin, famfon ya tsaya tun bai yi rabin lokacin da aka faɗa ba, kuma ya sake tashi a takawa ta biyu. Na ba da lambar shasi an nemo mini sabon tulu da zobensa. Motar tana ajiye a ƙofar gida, ranar Asabar in Allah ya yarda za a ɗauke ta a kan saɗaha, motar ɗaukar motoci, zuwa gareji, a duba gawayin famfo da wayoyinsa kafin a ɗaura tulun.