Bindiga a ƙarƙashin riga cikin sahun Juma'a

Ɗan Houston: Ni dai ina nan kan bakana, dokar Texas kan shiga wurin ibada da bindiga ta fi ta New York, mai hana hakan, hankali. Tun Satumbar 2019 mai lasisi yana iya shiga coci ko masallaci da bindigarsa a ɓoye, sai in masu wurin sun hana. A Disambar shekarar wani ya buɗe wuta a wani coci a garin White Settlement na Texas, Jack Wilson ya kashe shi cikin daƙiƙa shida.

Hajiya ta Bronx: Ƙanena, mutum biyu sun mutu a cikin daƙiƙun nan. Kuma Wilson ɗin shi ne shugaban masu gadin cocin, koyar da harbi sana'arsa ce. Zo masallacinmu ran Juma'a ka gani: kafaɗa da kafaɗa, yara na ratsa sahu, ƙofa ɗaya cunkushe da takalma. Mutum biyar su zaro bindiga a nan, wa zai gane maharin?

Ɗan Houston: Hajiya, a wani coci a Sutherland Springs na Texas an kashe mutum 26 a 2017, sai da maƙwabci ya fito da tasa bindigar maharin ya gudu.

Ɗalibin lauya: Ku yi haƙuri, dokar New York ba yadda kuke zato take yanzu ba. Bayan hukuncin Bruen na Kotun Ƙolin Amurka a Yunin 2022, wanda ya faɗaɗa 'yancin fita da bindiga, jihar ta haramta bindiga a wuraren ibada. Fastoci biyu suka kai ƙara, alƙali a birnin Buffalo na jihar ya dakatar da hanin. A 2023 aka gyara dokar, aka ƙyale waɗanda aka ɗora wa tsaron wurin. Wato irin Wilson, New York ma ba ta hana shi ba.

Baba Liman: Akwai hadisi ingantacce: Manzon Allah (SAW) ya umarci mai ratsa masallaci da kibau ya riƙe tsininsu, kada ya ji wa wani ciwo.

Ɗan Houston: Yawwa, Allah gafarta Malam! Bai ce ya bar su a waje ba.

Baba Liman: Sannu, ɗana. Kibiyarsa a fili take, kowa na gani yana kaucewa. Taka a ƙugu take, wanda ke sujada bayanka bai sani ba.

Hajiya ta Bronx: To kwamiti ya naɗa mutum biyu, mu san su. Sai dai wa zai biya kuɗin horon? Na haya ma wannan watan bai cika ba.