András Schiff da ƙaurace wa Hungari: jarumta ce ko gudun gida?

Ɗan Zariya: Jama'a, wata magana ta tsaya mini a rai. András Schiff a Budapest, babban birnin Hungari, aka haife shi a 1953, a makarantar kiɗa ta Franz Liszt da ke birnin ya ƙware a piyano. Bayan Viktor Orbán ya dawo mulki a matsayin firaminista a 2010, sai ya daina yin wasa a Hungari. Ni ban ga jarumta a nan ba. Orbán bai rasa barci don Schiff bai zo ba. Asarar ta faɗa kan tsohuwar da ta yi tanadin kuɗin tikiti, da ɗalibin da yake burin ganin yatsun mutumin da idonsa.

Maman Ummi: Haba ƙanena, ai daga tsakiya ka ɗauko labarin. A Janairun 2011, lokacin da Hungari ta karɓi shugabancin karɓa-karɓa na Tarayyar Turai, ya aika wasiƙa ga jaridar Washington Post yana kukan ƙyamar Yahudawa da wariyar da ake nuna wa 'yan ƙabilar Roma. Me ya biyo baya? Zagi a intanet, kuma shi da bakinsa ya ce an yi masa barazanar datse hannuwa in ya koma. Makaɗin piyano fa! Iyayensa biyu da ƙyar suka tsira daga kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa. Yaron da ya tashi a irin wannan gida ba ya jin barazana ya ce wasa ne.

Ɗan Zariya: Yaya, ban raina tsoronsa ba. To Zoltán Kocsis fa, shi ma makaɗin piyano ɗan Hungari? Sa'ansa ne, malamansu ɗaya, Pál Kadosa da Ferenc Rados. Shi ya zauna. Da shi da Iván Fischer suka kafa ƙungiyar makaɗa ta Budapest Festival a 1983, ya karɓi jagorancin ƙungiyar makaɗa ta ƙasa a 1997, yana kanta har ya rasu a Nuwamban 2016. Wannan shi ne riƙon gida.

Baba Malam: 'Ya'yana, ku bi a hankali. Kiɗan wa Kocsis ya ƙarar da ƙarfinsa yana naɗa a faifai? Na Béla Bartók, fitaccen mai tsara kiɗa ɗan Hungari. Shi kuwa Bartók ƙin wasa ya yi a Jamus bayan Hitler ya hau mulki, sannan a 1940 ya tattara ya bar Hungari zuwa Amurka, can ya rasu a 1945. Yau babu mai kiransa maci amanar ƙasa. Sai dai ke ma Maman Ummi, ki sani ba Orbán ne ya fitar da Schiff ba. Tun 1979 ya bar ƙasar, zamanin 'yan gurguzu.

Ɗan Zariya: Yawwa Baba, ka sosa mini inda yake ƙaiƙayi. Schiff mai takardar zama ɗan Birtaniya, wanda Sarauniyar Ingila ta ba wa sarautar Sir a 2014, ƙauracewa ba ta rage masa komai. Kocsis kuwa abincin makaɗa da iyalansu yana wuyansa.

Auta: Ku yi haƙuri, shi ma Schiff yana jagorantar makaɗa ne? Na ɗauka piyano kaɗai ya sani.

Maman Ummi: Sosai, Auta. A 1999 ya kafa tasa ƙungiyar, Cappella Andrea Barca. Sunansa ne ma ya juya zuwa Italiyanci, don Schiff jirgin ruwa ne da Jamusanci. Yana zaune gaban piyano yake jan ragamarsu: in hannu ɗaya ya samu sarari ya ɗaga shi, in duka biyu suna aiki sai kai da ido. Na kalli bidiyonsa yana kaɗa kiɗan Bach, tsohon mai tsara kiɗa ɗan Jamus, da ka, babu takarda a gabansa, ƙafafunsa a ƙasa ko fedal ɗin piyano da ake takawa bai nema ba, wallahi har tsikar jikina ta tashi. Kai kuma da ka ce ba ya asara, a Maris na 2025 ya soke wasanninsa na Amurka saboda take-taken gwamnatin Trump. Can ne kuɗin yake, ya bar shi.

Ɗan Zariya: Wannan na karɓa, Yaya, ba don neman suna yake yi ba. Amma tsohuwar nan ta Budapest ba ta zage shi ba, ba ta ce za ta taɓa hannunsa ba. Laifinta nake so a nuna mini.