Wane fanni ne ke koyar da yadda cuta ke aiki a cikin jiki?

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Na kammala sakandare bana, kuma ina shirin cike fom ɗin JAMB. Ƙanena yana fama da ciwon sikila tun yana ƙarami, kuma duk sanda ciwon ya tashi, musamman da hunturu, nakan zauna a gefen gadonsa ina kallon ruwan da ake ƙara masa yana ɗiga, ina ta tunanin abin da ke faruwa a cikin jininsa har ƙasusuwansa suke masa irin wannan azaba. Wannan shi ne abin da nake son karantawa, ko da ban zama likita ba. Wane kwas kuke ganin ya dace da ni?

Malamin Ɗakin Gwaji:
Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya ba ƙanenki lafiya. Ilimin da kike nema ana kiransa fatoloji, kuma a jami'o'inmu ba kasafai ake shigarsa kai tsaye daga sakandare ba, domin ɗaliban likitanci ma sai sun kai shekara ta huɗu cikin shekarunsu shida suke fara shi. Hanya mafi kusa ita ce kimiyyar ɗakin gwaje-gwajen asibiti, wadda ake yi a Jami'ar Bayero da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, karatun shekara biyar da shekara guda ta horon aiki. A can za ki ɗiga jini a kan gilashi, ki sa masa sinadarin da ke janye iskar oksijin, sannan ki leƙa madubin ƙara girma ki ga jajayen ƙwayoyin jini suna lanƙwashewa kamar lauje. Ni dai ranar da na fara ganin haka na daɗe ban ɗago kaina ba.

Yayarki ta Zariya:
Ƙanwata, maganar Malam gaskiya ce, amma tambayarki ta fi kama da ta masu karanta bayokemistiri, wato ilimin sinadaran da ke cikin jikin halittu, wanda shi na yi. Asalin sikila canji ne guda ɗaya tak a cikin himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin, wanda aka gina da ƙananan tubala jere kamar sarƙa, inda tubalin da ake kira balin ya maye gurbin wanda ake kira gulutamik asid a wuri na shida na sarƙar da ake kira beta. Idan oksijin ya yi ƙasa, sai himogulobin ɗin ya harhaɗe ya sandare, jar ƙwayar jinin ta lanƙwashe ta toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan ne ciwon ƙashin yake fitowa. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, ta mai sikila kuwa ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jini yake yawan ƙaranta. Masanin kimiyya Linus Pauling da abokan aikinsa ne suka nuna a 1949 cewa matsalar a himogulobin take. Sai dai ki sani, digirin bayokemistiri na shekara huɗu bai ba ki lasisin yi wa marasa lafiya gwaji a asibiti, kuma bincike na haƙiƙa sai kin zarce digiri na biyu da na uku.

Ɗalibar Kimiyya:
Na gode, Malam, na gode, Yaya, Allah ya saka da alheri. Tunda Turanci da bayoloji da kemistiri da fizik zan rubuta, zan sa ɗakin gwaje-gwaje a zaɓi na farko, in kuma nemi littafin da ya yi bayanin himogulobin kafin sakamako ya fito.