Shin yaron da ke zuwa na ɗaya a aji zai iya zama mai galahanga, wato lalurar da ake kira autism da Turanci?

Malamin lissafi: Assalamu alaikum. Ni dai ban yarda cewa yaron da ke zuwa na ɗaya a aji yana da galahanga ba, domin wanda ya haddace jadawalin lissafi ai ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Idan ya ƙi shiga cikin yara, to kunya ce ko miskilanci, kuma girma zai gyara shi.

Mahaifiyar yaro: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗana ya fara karatu tun kafin a sa shi makaranta, amma har yau idan aka kaɗa ƙararrawa sai ya toshe kunnuwansa da tafukan hannu, sannan ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon 'yan ajinsu suna wasa, bai san ta inda zai shiga ba. Yana son abokai ƙwarai, hanyar ce ba ya gani, kuma jiran girma bai nuna masa ita ba.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, ba da makin jarrabawa ake gane wannan lalura ba. Ana duba yadda yaro ke mu'amala da mutane, da yawan maimaita abu guda, da yadda ƙara ko haske ke takura masa. Donald Triplett, na farko cikin yara 11 da likita Leo Kanner ya bayyana a Amurka a 1943, gwani ne wajen lambobi, ya kammala kwaleji har ya yi aikin banki, duk da haka lalurar tana tare da shi har ƙarshen rayuwarsa.

Mahaifin wata yarinya: Gaskiya ne, Hajiya, amma don Allah kada a mayar da su duka gwanaye. 'Yata ba ta magana, da hotuna take nuna mana abin da take so, kuma yakan yi mini ciwo idan aka tambaye ni wace baiwa ce da ita, kamar sai da baiwa za a kula da ita.

Malamin lissafi: Allah ya ba ku ladan haƙuri. Har yanzu ina tsoron a riƙa laƙaba wa kowane yaro mai shiru-shiru wannan suna.

Ma'aikaciyar jinya: Tsoronka yana kan hanya, Malam, shi ya sa ƙwararru ne ke tantancewa bayan sun saurari iyaye da malamai. Abin da muke roƙonka shi ne, idan ka cike takardar sakamako, ka rubuta abin da ka gani a filin wasa kamar yadda kake rubuta makin lissafi.