A taimaka min, sabon tankin kifina na ruwan gishiri ya fara wari

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hankalina ba a kwance yake ba. Bara da muka je Umara mun shiga Fakieh Aquarium a Jidda, 'yar autata ta tsaya gaban kifin nan ruwan lemo mai fararen zane ta ƙi motsawa, na yi mata alkawari. Wata bakwai ina tara kuɗi, har babur na sayar, uwargida ba ta so ba. Yanzu na haɗa tanki mai lita 60, na sa dutsen teku mai rai kilo 6 da aka kawo daga Legas, kwana biyu yana mota. Yau kwana 12. Ɗigon shunayya da ke jikinsa yana yin fari, wani abu ruwan ƙasa ya rufe yashi, ga ɗan wari. Fitila awa 12 nake kunnawa. Na gwada ruwan, sinadarin amoniya 2, naitarait 1. Dutsen ya mutu ke nan? Ranar Asabar za a kawo kifi biyu.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, kada kifi ya shiga ruwan nan ranar Asabar. Halittun da ke manne da dutsen wasu sun mutu a hanya, su ke ruɓewa suna fitar da amoniya. Akwai bakteriya da ke mayar da ita naitarait, wasu kuma su mayar da naitarait zuwa naitaret, sai sun yi yawa tukuna. Yakan ɗauki sati huɗu zuwa shida. Sai amoniya da naitarait, masu guba ga kifi, sun koma 0 ake maganar kifi. Ka kashe fitilar gaba ɗaya, bakteriya ba ruwanta da haske, gansakuka kawai kake ciyarwa. Wane ruwa ka zuba?

Maman Hanif: Allah sarki. Ni dai ban yarda da kashe fitila kwata-kwata ba, shunayyar nan mai rai ce kuma haske take so. Ka bar mata awa 4 ko 5. Amma ni ba fitila ta cuce ni ba, wuta ce. Dare ɗaya aka ɗauke, famfo ya tsaya, da asuba kifina huɗu duk sun mutu. Wanda ya sayar min har yau bai ɗaga wayata ba.

Baban Ummi: Injiniya, ruwan burtsatsen gidanmu ne, kuma mai kyau ne, shi muke sha. Fitilar kuma mai tsada ce, domin murjani aka yi ta, mai sayarwa ya ce in kunna.

Injiniya: Shan sa daban, tanki daban. Abin nan ruwan ƙasa silika yake ci, wato sinadarin da ke cikin yashi da duwatsu, ruwan burtsatse kuwa yakan zo da ita. Ruwan RO, wato wanda na'ura ta tace ta cire masa sinadarai, ake haɗa gishiri da shi. Nauyin gishirinka, wato ma'aunin yawan gishiri a ruwan, nawa ne? Ya kamata ya tsaya wajen 1.025, zafi digiri 25 zuwa 26. In ruwa ya ragu ka cike da mara gishiri, domin gishiri ba ya bin tururi. Shekara takwas ina wannan harka.

Abu Yasir: Digiri 26 a watan Afrilu? Nawa har 31 yake kai wa, fanka nake ɗora masa. Baban Ummi, ka canja rabin ruwan yau, warin zai tafi.

Injiniya: Kada ya canja rabi, kashi 20 cikin 100 ya isa. Ya goge ruɓaɓɓen wurin da burushi a cikin bokitin ruwan gishiri.

Baban Ummi: Na gode. Amma na riga na biya kuɗin kifin, kuma an ce irinsu suna da juriya. Yarinyar kullum sai ta ƙirga kwanaki. In na rage fitila zuwa awa 8 na sa guda ɗaya kawai fa?

Maman Hanif: Kana da inbata dai ko?