Neman kalmar Hausa: me za mu kira motar kayan duniyar Mars?

1/ Jama'a, ina neman taimakonku. Ina rubuta ƙagaggen labari a kan direbobin manyan motoci, amma a duniyar Mars, bayan 'yan Adam sun tare can sun kafa garuruwa. Bature yana kiran motar da ke yawo a can "rover", mai ɗaukar kaya kuma "hauler". Direbana Bahaushe ne, ba na son in sa masa Turanci a baki duk sanda zai ambaci abin da yake ci da shi.

2/ Ga siffarta don ku gan ta da kyau. Injin dizal ba zai tashi a Mars ba, domin kusan kashi 95 cikin ɗari na iskar can ta kabon ce, kuma matsinta bai kai kashi 1 cikin ɗari na tamu ba. Sai dai batir. Babu kwalta, babu gidan mai, babu mai shayi a bakin hanya. Direba a ciki yake kwana, ruwan shansa da iskar numfashinsa duk suna bayansa. Kwarin Valles Marineris kaɗai tsawonsa ya kai kilomita 4,000. Buhun da ke da nauyin kilo 100 a nan, a can kamar 38 za ka ji shi, don haka lodi sai inda ido ya tsaya.

3/ Masu cewa a hausantar da "rover" ta koma "roba", na gode, amma roba tana da masu ita: ta ɗiban ruwa, ta wanki, ta tuwo. Kuma "rover" ɗin gaske ba ta dako. Curiosity da ta sauka a 2012 da Perseverance ta 2021 'yan bincike ne, ba kowa a cikinsu. Opportunity ta yi shekara 14 tana aiki, duk tafiyarta kilomita 45 ce, kwatankwacin Kano zuwa Wudil.

4/ "Motar dakon kaya ta duniyar Mars" bayani ne, ba wanda zai tsaya a tasha yana faɗinsa. Ku dubi yadda muka saba raɗa wa mota suna: a-kori-kura, daf daga sunan kamfani, a-daidaita-sahu daga shirin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau a Kano. Gajere, mai hoto a ciki. Gingimari ta kusa shiga, sai dai da ka ji ta hayaƙi kake shaƙa da ƙarar inji a kan titi.

5/ Wani malami daga Damagaram ya kawo "takarkari". Malam, na daɗe ina juya ta, don ma'anar ta zauna daram. Abin da ya hana ni shi ne yadda muke kiran mutumin da ake jibga wa wahala ba godiya da wannan sunan. Direban da ya kashe kuɗinsa ya yi wa motarsa ado ba zai yarda a kira ta haka ba.

6/ Jiya da daddare na kira kawuna, wanda ya tsufa a kan tirela tsakanin Kano da Legas. Na ce, "Kawu, mota ce babba, ba titi, ba ruwa a hanya, ƙura ta ko'ina, kuma guzurinta a jikinta." Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Ɗana, ai wannan amale ne. Me kake ta wahalar nema?"

7/ Amale, ƙaton raƙumin da ya ga hanya ya saba da ita. Abin da ya fi burge ni shi ne bai zo shi kaɗai ba, da danginsa ya taho. Motoci in sun jeru, ayari ne. Wanda ke gaba, mai yanke shawarar a tashi ko a kwana, madugu. Inda ake tsayawa a yi caji a canza iska, zango. Sitiyari ya koma akala, dama can "jan akala" muke cewa ga mai ja-gora. Batir kuwa tozo, kuma ya dace sosai, tunda kitse ne a tozon raƙumi, ajiyar ƙarfi ce ta ranar da ba abinci. Duk waɗannan kalmomi an gwada su a hanyar Agadas zuwa Bilma ta cikin Tenere, inda ayari ke dawowa da kantun gishiri da dabino.

8/ Sai batun ado, wanda shi ne zuciyar labarin. Sauti ba ya nisa a siririyar iskar Mars, don haka odar da direba ke taƙama da ita a nan ba ta da amfani a can. Fenti ma ƙura za ta binne shi. To ina direba zai rubuta "Sai haƙuri" ko "Hassada ga mai rabo taki"? A taya. Wannan ba daga kaina ya fito ba: injiniyoyin Curiosity sun huda tayoyinta ta yadda sawunta ke buga haruffan JPL, wato sunan cibiyar da ta ƙera ta, cikin alamomin Morse na ɗigo da layi a kan rairayi. A labarina kowane amale da zanen sawunsa, mai zuwa daga baya ya duba ƙasa ya san wanda ya wuce.

9/ Direba dai na bar shi direba, karen mota ma haka. Shi ne zai sa rigar iska ya fita share ƙura daga faifan sola, domin guguwar ƙurar 2018 ce ta rufe wa Opportunity rana har ta daina magana.

Na tsaya a kan amale. Ga layin farko da na gyara yau da safe: "Madugu ya dubi jan hazon da ya taso daga gabas, ya ce a tayar da ayari, ko wane amale ya cika tozo kafin a bar zango."