Abin da aka ce kan kansul da tsadar gas a Ingila

Jama'a, an yi tambaya kan taimakon da ake samu daga kansul (ƙaramar hukuma) saboda tsadar gas ɗin ɗumama gida. Na bi maganganun duka, ga abin da na tsinta:

1. Kusan kowa ya ce a fara da kansul ɗin yankinku. Kuɗin Household Support Fund, tallafin gwamnati ga gidaje masu ƙaramin ƙarfi, da aka fara a Oktoban 2021 ta hannunsu ya riƙa bi, amma kowace da tsarinta, wata baucan abinci, wata ta zuba maka a mitar kati, don haka kar ka dogara da labarin ɗan'uwanka na wani gari.

2. Rangwamen fam 150 na Warm Home Discount, shirin rage wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta, kamfanin wuta ke cirewa daga bil, ba kansul ba.

3. Masu shago: in ƙimar hayar shagonka ta shekara da hukuma ta ƙiyasta ba ta wuce fam 12,000 ba, kuma shi kaɗai gare ka, an yafe maka harajin shago, amma fa sai ka tuntuɓi kansul.

Inda aka rabu shi ne ɗakunan shan ɗumi a laburare. Wasu sun ce sun taimaki tsofaffi sosai, wasu suka ce ina amfanin ka wuni can ka dawo gida sanyi na ratsa bargo, gara a gyara rufi da tagogi. Ni ma nan na karkata, sai dai ɗan haya dole ya jira yardar mai gida.